Shekarar Gayyar Gora

Bana jikana ya nome mini gona ba tare da ya sunkuya ko sau ɗaya ba. Ya goya wata jarka a baya, ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, ya bi gonar yana feshi kamar mai yayyafa wa tsakar gida ruwa kafin shara. Kafin hantsi ya dubi ludayi ya dawo, ya wanke hannu, ya hau babur ya nufi Birnin Kudu neman fasinja. Bayan kwana uku na dogara sanda na je dubawa, na tarar ciyawa ta yi jawur ta kwanta, shuka tana tsaye abinta. Ban yi ƙorafi ba. Duk tsohon da ya ce maka yana kewar garma, ka tambayi bayansa, shi zai gaya maka gaskiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shirun da na tarar. Ga ni a tsakiyar gonaki, a tsakiyar damina, gabas da yamma babu motsin kowa, sai kukan kurciya da ƙarar wata mota can a kan titin Gwaram.

Da ba haka damina take ba. Kunne ke fara sanin ta zo. Tun kafin ruwa ya sauka maƙera sun tashi, zugazugi na huci, guduma na sauka daga safe har yamma, kowa ya kawo garmarsa da fartanyarsa a gyara musu baki. In shuka ta fito kuma, sai ganga. Kana alwalar asuba kana jin ta can nesa, ka san yau gonar wane ake yi, domin kowace gona da gefen da sautinta ke fitowa. A cikin gari taɓarya ta ɗauka, mata na lugude a kan geron furar 'yan gayya, suna jefa taɓarya sama su tafa kafin ta dawo. Mu kuma a gona mun jeru kafaɗa da kafaɗa, garma na shiga ƙasa tare tana fita tare, makaɗi na biye da mu yana yi wa na gaba kirari, na baya kuma habaici. Kakana yakan ce shi ko ido rufe yana gane ragon gari, domin garmarsa ce kullum ke sauka bayan ta kowa.

Garinmu ƙarami ne, a gefen hanyar da ta tashi daga Birnin Kudu ta nufi Gwaram, kuma muna da ƙungiya tun kafin kalmar ta zama abin ado. Asalinta ajin yaƙi da jahilci ne. Wajen lokacin da aka sami mulkin kai aka turo wani malami yana koya wa magidanta karatun boko a gindin tsamiya bayan la'asar. Ya yi shekara biyu aka ɗauke shi, yawancin ɗalibansa suka manta abin da ya koya musu, amma zaman gindin tsamiyar bai mutu ba. An saba haɗuwa, sai aka ci gaba da haɗuwa, kuma maza in sun taru babu abin karantawa dole su nemi abin yi. Su ne ke yashe rijiya da bazara, su cike ramukan hanya bayan marka, su share maƙabarta, su tayar da katangar masallaci in ta zube. In ciwo ya yi tsanani, su ne ke ɗaukar mutum a gadon kara har bakin titi, su zauna da shi a jira motar da za ta kai shi asibitin Birnin Kudu, ko da za a wuni ana jira. Ba ta da suna, ba ta da allo a bakin hanya. Ƙungiya kawai muke ce mata, kuma duk wanda ya yi aure ya shiga. Na yanzu kuwa ina ganinsu, riguna iri ɗaya, ba a miƙa wa mutum buhu sai ya riƙe shi ya ɗaga kai an ɗauke shi hoto. Ban ce ba sa aiki ba. Suna yi. Na dai lura waɗanda suka fi buƙata ba su cika zuwa wurin hoton ba.

Shugabanmu wanzamin gari ne. Baƙo yakan yi mamaki, ga mai unguwa, ga liman, ga Sarkin Noma, amma a ɗauki mai zabira a ba shi gaba. Dalilin ba wani mai zurfi ba ne. Shi kaɗai ne namijin da ke shiga kowane gida, ranar suna da ranar kaciya da ranar da ciwo ya kwantar da mutum. Ya san rumbun da ke da hatsi da wanda ɓeraye suka ƙaura daga ciki, kuma bakinsa ba ya zuba. Gajere ne, mai sanƙo, yakan ce Allah ne ya aske shi da kansa don kada ya nemi alfarma wurin wani wanzamin. Wanzam muke ce masa, babba da yaro.

Sai na ɗan yi bayanin gayya, domin jikokina sun ɗauka aikin kyauta ne. Ba kyauta ba ce. Mai gona zai aika da goro a sanar, ranar kuma da hantsi a kai fura gona, ƙwarya-ƙwarya, da nono, kowa ya sha ya ture. Da azahar tuwo ya biyo baya. Abin da ka fitar shi ake faɗa a gari har kaka, kuma shi makaɗi ke sakawa a kirarinka. Da wannan abincin ne mai gona ke tsayawa a gaban mutane a matsayin wanda ya gayyata, ba wanda aka taimaka wa ba. Aikin da aka yi wa mutum ba a ci komai nasa ba, wannan sunansa sadaka, kuma ana yin sa ne ga makaho, ko tsohuwar da ba ta da kowa. Magidanci mai ƙafa biyu gara gonarsa ta zama daji da a yi masa irin wannan. Haka muka tashi muka tarar, babu wanda ya taɓa tambayar dalili.

Sai fari ya zo, shekara biyu a jere. Ba zan tsaya kwatanta shi ba, waɗanda suka gani sun sani, waɗanda ba su gani ba kuma ba na yi musu fata. Lokacin ne kuma ake ta labarin kuɗin mai, ba a daɗe da canja fam zuwa naira ba. Mu dai ba mu ga man ba, abin da muka gani shi ne samarinmu suna hawa mota. Kano ana gine-gine, Legas ana neman masu ɗaukar siminti, duk mai ƙarfi a jika ya naɗe tabarmarsa. Rabin masu riƙe garma a garinmu suka tafi. A rani na biyu mahaifina ya rasu, ya bar mini gandu, da Inna, da ƙanne huɗu, ga matata da goyo. Gemuna bai gama haɗuwa ba aka fara ce mini maigida, kuma ba zan ɓoye ba, sunan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

A shekara ta uku ruwa ya sauka da wuri, ya kuma zauna. Ƙungiya ta bi gida-gida ta tattara ɗan irin da ya rage ta rarraba, kowa ya yi shuka. Gero ya fito kore shar. Amma ƙasar da ta yi shekara biyu tana hutawa ba gero kaɗai ta tanada ba, harƙiya ta taso tare da shi tana neman wuce shi. A daidai nan kurkunu ya sauka a gari. Yaran yanzu da suka tashi da famfon burtsatse ba su san shi ba. Tsutsa ce fara, doguwa kamar zare, daga ruwan tafki ake shan ta, ta shekara a jikin mutum sannan ta fasa fata ta leƙo, kuma ba ta tashi leƙowa sai lokacin noma. A farin nan rijiyoyi sun ƙafe, kowa ya sha abin da ya samu a kududdufi. Ni biyu suka fito mini, ɗaya a idon sawun dama, ɗaya a ƙaurin hagu. Ƙafafuna suka kumbura, ko bayan gida sai da rarrafe. Na kwanta a zaure, rumbu babu komai, gida ana rayuwa da tafasa da ɗan garin rogo, gonar ubana kuma ciyawa na cinye ta ina ji ina gani. Gero in ya wuce kwanakinsa ba a yi masa firi ba, wato noman farko, ya tafi, ko daga baya an nome sai dai a sami kara.

Damina ta yi nisa, amma ba a ji ganga ko sau ɗaya ba. Babu mai geron fura, don haka babu mai kiran gayya.

Wanzam yana zuwa kowace safiya ya duba ƙafata. Yadda ake yi, a kama kan tsutsar a naɗe a tsinke, kullum a murza kaɗan, in ka yi gaggawa ta tsinke a ciki ka shiga uku. Wata safiya yana murzawa, bai ɗago ba ya ce, "Maigida, yaushe za ka kira mu?"

Na ce, "In kira ku in ba ku me? Ruwan randa?"

"Ruwan ma da namu za mu zo."

Na janye ƙafata har sai da na ji zafin a ƙwaƙwalwa. Na ce, "Wanzam, ubana bai yi wata shida a ƙasa ba. So kake a ce daga rufe shi an fara yi wa gidansa sadaka?"

Ya kamo ƙafar ya mayar kan cinyarsa. "Kai ne na bakwai da ya gaya mini haka cikin kwana biyu," in ji shi. "Ban san garin nan cike yake da sarakuna ba sai bana. Tsaya cik, kada ka tsinka mini aiki."

Abin da ya faru a gindin tsamiya ban gani ba, labari aka kawo mini. Wanzam ya ce bana a ajiye fura da tuwo, kowa ya zo gayya da gorar ruwansa da abin da ya samu a cikinsa daga gida. Dattawa suka ce wannan ba gayya ba ce, kuma babu magidancin da zai yarda a fara da shi. Wanzam ya ce ya sani, shi ya sa ba da mabuƙaci za a fara ba. Da gonar Sarkin Noma za a fara, mutumin da kowa ya san har yanzu akwai rumbu ɗaya a gidansa da ba a fasa ba. In an nome wa mai shi ba a sha furarsa ba, babu wanda zai ce don rashi aka yi wa na baya. Sarkin Noma ya yi tsalle ya dire. Shi a wurinsa abin ya fi muni, za a ce yana da shi ya yi rowa. Aka tashi ba a daidaita ba. Kashegari da safe Wanzam ya je yi masa aski, kafin ya gama sai ga Sarkin Noma ya amince. Mutanen gari suka ce ai dole, wa zai yi gardama da mutumin da ya ɗora masa aska a maƙogwaro. Daga baya na ji Wanzam ya sa shi ya fitar da geron da zai yi furar, aka raba wa gidajen da ke da masu jego.

Haka aka fara abin da yara suka sa wa suna gayyar gora. Ranar farko gonar Sarkin Noma, ta biyu ta liman, ta uku ta mai unguwa. Ina kwance a zaure ina jin ganga tana tafiya gonakin masu hali, ina zagi a cikin raina. Kwana uku ba wasa ba ne ga geron da ciyawa ta shaƙe. Ni da na ce ba na so, ni ne kuma nake jin haushin ba a zo mini da wuri ba, kuma a lokacin ban ga wani saɓani a tsakanin biyun ba. Da aka aiko cewa ranar Laraba tawa ce, ban ce a'a ba. Sai na ƙulla wata dabara da na ɗauka wayo ne. Su zo da gorunansu, amma a gonar ubana za a sha fura. Ta haka zan sami noma, in kuma sami suna, a ce yaron nan ya yi abin da Sarkin Noma bai yi ba.

Na kira Inna na gaya mata. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ba ta kuma cika duban fuskata in muna magana ba. Ta tsaya a bakin zaure tana kallon waje.

"Da wane geron?" in ji ta.

"Ki san yadda za ki yi, Inna. Ba a taɓa noman gonar nan da busasshen baki ba."

"An ce an hana."

"An hana wanda ba shi da shi."

Ta ce, "To, maigida ya faɗa." Ta juya ciki.

Inna tana da tunkiya ɗaya. Ita kaɗai ta tsallake farin a cikin dabbobin gidanmu, domin Inna ta riƙa raba mata dusar da ita kanta za ta iya ci, tana tsinko mata ganye daga nesa. Tunkiyar tana da ciki a lokacin. Na san da ita sarai sa'ad da nake cewa ki san yadda za ki yi, amma ban ambace ta ba, don kada a ce ni na ce. Da hantsi na ji kukanta ta wuce ta bayan zaure, wani mai sayen dabbobi da zai tafi kasuwar Gwaram yana jan ta. Kafin azahar taɓarya ta fara sauka a gidanmu, karo na farko cikin watanni. Ƙannena suka kewaye turmi suna lasar abin da ya fantsalo. Na ji Inna tana korarsu, tana cewa ba nasu ba ne, na baƙi ne.

Ranar Laraba na sa aka ɗora ni a jaki aka kai ni gona, ƙafafuna na reto da tsinkayensu. Aka jingina ni da gindin ɗorawa. Mutum wajen talatin suka zo, da yawansu masu furfura ne waɗanda a shekarar lafiya sai dai su zauna a inuwa su ba da umarni. Kowa ya rataye gorarsa a reshe. Suka jeru, ganga ta ɗauka. Ba irin gayyar da na sani ba ce, babu tsere, babu ihu, mutane ne masu yunwa suna aiki a hankali don ƙarfinsu ya kai su yamma. Amma ƙasa tana juyawa, gero yana fitowa daga cikin ciyawa layi bayan layi, siriri, ya yi ruwan ɗorawa, da sauran ransa. Zuwa hantsi sun ci kusan sulusin gonar.

Sai ga su tafe a kan hanya, Inna a gaba, matata da ƙanwata a baya, kowacce da ƙwarya a ka an rufe da faifai. Suka sauke a inuwar ɗorawa kusa da ni. Inna ta buɗe ta fara damawa. Ƙamshin fura da nono ya tashi. Na ga garma ta fara sauka ba tare ba, wannan ya waiwayo, wancan ya haɗiye yawu. Akwai waɗanda a cikinsu rabonsu da fura tun kafin azumi. Ni kuwa na gyara zama, na jira kirari.

Wanzam ya ɗaga wa makaɗi hannu, ganga ta tsaya. Ya ajiye garmarsa ya taho, ya durƙusa a gaban Inna kamar yadda ake durƙusa wa uwa.

"Inna, sannu da aiki. Wannan fa?"

"Fura ce, Wanzam. Ko ka manta kamanninta?"

"Ban manta ba, Inna, cikina ma ya gaishe ta tun daga nesa. Amma an yi magana a gindin tsamiya."

"Ni ba na zuwa gindin tsamiya. An ce in dama, na dama. In kun sha ku ba ni ƙoraina."

Wanzam ya miƙe ya juyo wurina. Bai ɗaga murya ba, amma gonar ta yi shirun da kowa ke jin sa. "Maigida, ba zan yi jayayya da Inna ba, ba sa'ata ba ce. Kai ne mai gona. In mutum ɗaya ya kai ludayin nan baki, kowa zai saɓa garmarsa mu tafi gonar gaba. Akwai gida goma sha wani abu a bayanka suna jira, ba za mu dawo ba."

Na ce, "Wanzam, abinci ne fa. An taɓa mayar da abinci daga gona? Zagin uwata za ka yi a gaban mutane?"

"Ni ba zan mayar ba. Wanda ya sa aka kawo shi zai mayar."

Na dubi mutane ko wani zai sa baki. Babu wanda ya dube ni, idonsu na kan ƙwarya ko na kan ƙasa. Na dubi gonar. Kashi biyu cikin uku yana nan cikin harƙiya, ga hadari yana haɗuwa a gabas, in marka ta kama a haka sai dai wata shekarar, in muna da rai. Na dubi Inna, ta ci gaba da juya ludayi kamar ba da ita ake ba. Na san ba za ta ɗauki ƙwaryar nan don Wanzam ya ce ba, ko liman ne ya ce ba za ta ɗauka ba. Kuma ba zan iya ce mata ta mayar haka kawai ba, domin hakan yana nufin an ƙi abincinta. Sai da dalili, kuma dalili ɗaya ne nake da shi, shi ne wanda na kwashe watanni ina rufewa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kafin ranar ko bayanta.

Na ce, "Inna, ku koma da ita gida."

Ba ta ɗago ba. "Ban ji ba."

Na ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji. "Ku koma da ita gida a ba yara. Rabonsu da hatsi an fi wata. Ba mu da komai a gidan nan, Inna, ni ne na sa ki."

Ta zare ludayin, ta karkaɗe shi a bakin ƙwarya, ta rufe da faifai. Matata ta taimaka mata ta ɗora a ka. Suka kama hanya a jere kamar yadda suka zo. Wani dattijo ya je ya ciro gorarsa ya kurɓi ruwa, ya mayar, ya tofa yawu a tafin hannu ya ɗauki garma. Wanzam ya yi wa makaɗi alama. Kafin la'asar sun fita ƙarshen gonar.

A hanyar komawa wani tsoho da muke kira Baba Dogo ya kama igiyar jakina yana ja. Maƙwabcin gonarmu ne, 'ya'yansa maza uku duk suna Legas, kuma tasa ce gayyar kashegari. Sai da muka hango gari ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ɗana, da na ga ƙoran nan tafe, na riga na shirya abin da zan gaya wa Wanzam. Zan ce masa kada a zo mini gobe, na sami masu yi." Ya ɗan yi tafiya. "Ba ni da masu yi. Ko kaza ba ni da ita da zan sayar."

Ya ci gaba da jan igiyar har ƙofar gidanmu.

Gonar ta tsira. Ba ta yi kamar zamanin mahaifina ba, kwanakin da aka rasa sun nuna a zangarniya, amma abin da muka ɗaure ya kai mu wata damina. Haka aka bi sauran gidajen ɗaya bayan ɗaya, kuma bayan tawa babu wanda ya sake gwada kai ko ruwan gari gona. Damina biyu aka yi ana gayyar gora, da hatsi ya wadata aka koma wa fura, daga baya ƙodago ya zo, da garmar shanu, gayyar ma ta bi sahun masu yin ta. Wanzam ya ci gaba da zuwa kowace safiya yana murza tsinkensa har tsutsotsin suka fita. Na yi makonni ina miƙa masa ƙafa ba na miƙa masa gaisuwa ta kirki, ko a jikinsa. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya, ni ma ban taɓa gode masa ba, kuma wannan yana damuna yanzu fiye da da.

Amma yammacin ranar Larabar nan, da aka sauke ni a zaure, na tarar ƙannena a baje a tsakar gida, cikinsu ya yi tulu-tulu, ƙaramin ya yi barci da farin gemu na nono. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Inna ta shigo da ƙaramar ƙwarya, ta ajiye a gabana, ta sa ludayi a ciki. Na ce mata na ƙoshi. Na fara wata magana, wai in Allah ya kai mu kaka zan saya mata wata tunkiyar.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon turken da babu komai a jikinsa.

"Sha," in ji ta. "Tunkiyata ce. Kada ka rage."

Na shanye.